Amshin 'Yan Gadon Sama

Ɗakin da na fara kwana a Doha yana Bin Omran, kuma tun ban gama kwance igiyar takalmina ba na fahimci aikin tuƙin da aka ce yana jirana babu shi. Wanda ya ɗauko ni daga filin jirgi ɗan garinmu ne, ɗan Jos, unguwarsu ma ba ta da nisa da tamu. Shi ya yi ta turo mini hoton wata farar mota yana cewa ita zan riƙa ja. Da na tambaye shi ina motar, sai ya yi dariya ya ce in huta tukuna, ƙasar nan ba a gaggawa. Ya saya mini shayi da gurasa, ya yi mini doguwar nasiha a kan haƙuri, ya fita. Daga ranar, duk sanda na kira shi sai ya ce yana mitin. Har yau mitin ɗin bai tashi ba.

Kafil ɗina, wato wanda sunansa ke kan takarduna, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Abin da na gani shi ne motar kamfani da ta zo ta kwashe ni zuwa wani tsohon bene a Mansura. Kamfanin na masu shirya wuraren taro ne. Mu kafa dandamali, mu jera kujeru, mu ja wayoyi, mu ɗaga lasifikokin da suka fi ni nauyi, in an tashi mu kwance komai mu loda a mota. Ni da na zo da lasisin tuƙi a aljihu na tashi a ɗan dako mai riga mai tambari. Na so in koma gida, amma ban san abin da zan faɗa wa Inna ba, ita da ta riga ta sanar da kaf layinmu cewa Ɗanlami direba ne a ƙasar Larabawa.

Gadajen ɗakinmu masu hawa biyu ne, kuma ƙa'idar gidan ita ce sabon zuwa shi ke hawa sama, kusa da na'urar sanyi mai ɗigar ruwa. A ƙasana akwai Baba Sule, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya daɗe a kamfanin. Ranar da na ji Hausa ta fito daga bakinsa sai da idona ya kawo ruwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Chale, abokina ɗan Najeriya, share idonka. Kowa a nan da hoton mota aka kawo shi." Ya raba shinkafarsa biyu ya miƙo mini rabi.

Juma'a ce kawai ranar hutunmu. Juma'ar farko bayan la'asar na kwanta zan rama barci, sai na ji rufin ɗaki yana rawa. Wani irin ƙara ne, kamar injin markaɗe ya ci dutse. Da yake ni ne a gadon sama, a cikin ƙashina nake jinsa. Na tambayi Baba Sule ko gini ake rushewa, ya ce a'a, yaran nan ne marasa aikin yi. Na sauko a fusace na haura saman bene da niyyar in gaya musu maganar da ba za su manta ba.

Na same su tsakanin tankunan ruwa. Su huɗu ne, duk abokan aikina da nake gani a motar kamfani ban san sunayensu ba. Uku 'yan Filifin, biyu da jita, ɗaya da babbar jita mai kaurin murya. Na huɗun Bikash, ɗan Nepal, yana dukan wata ganga da aka yar a wurin biki, an ɗinke fatarta da salatif, ya haɗa ta da bokitan fenti. Mai waƙar shi ne Jun, ɗaya daga cikin masu jitar, wani siriri mai gajeren wuya wanda a wurin aiki ko tari ba ka ji ya yi. A kewaye da su mutum kusan ashirin, 'yan Kenya, 'yan Indiya, 'yan Uganda, kowa da silifas. Na tsaya ina jira su kai aya in fara masifa. Ba su kai ba. A tsakiyar waƙar sai kayan kiɗan suka ɗauke gaba ɗaya, Jun ya rufe ido ya kama wani sauti guda, ba kalma ba ce, "ooo" ne kawai, ya riƙe shi. Ya riƙe, ya riƙe, har na fara jin tsoron jijiyar wuyansa za ta tsinke. Mutanen nan duk suka shiga ƙarƙashin muryarsa suna bin ta. Da ganga ta dawo, na duba na ga masifar da na hau da ita ta ɓace, ban san inda na ajiye ta ba.

Daga baya Jun ya yi mini bayani da irin Turancinmu na wurin aiki, rabi baki rabi hannu. Kiɗan rok suke yi, amma nasu na kansu. Babu kamfanin waƙa, babu mai ɗaukar nauyi, ba sa maimaita waƙar kowa, kuma in ka sauka daga benen nan babu wanda ya taɓa jin labarinsu. Yana faɗa yana alfahari, sai ka ce kyauta ya ci. Sunan ƙungiyar da yarensu ne, ya ce ma'anarsa gadon sama, domin lokacin da suka haɗu dukkansu sababbin zuwa ne. Waƙar mai dogon sautin kuwa a kan 'yarsa ce. Haƙoranta na gaba sun fita, wasu sun tsiro, duk a waya ya gani.

A Juma'a ta uku na tafka abin kunya. Ni dai yadda na taso, in makaɗi ya taɓa maka zuciya, liƙi ake yi. Ba ka tsayawa kana tafi kamar ɗan makaranta. Da Jun ya kama sautin nan, na ratsa mutane, na zaro riyal sabo fil na manna masa a goshi. Da yake yana gumi, ta zauna daram. Bikash ya saki sanda. Jun ya buɗe ido yana kallon takardar da ta rufe masa hanci, sannan aka kwashe da dariya. Ya ɓamɓare ta a hankali, ya ninke, ya mayar mini a aljihun riga. Pare yake kirana, wato aboki.

"Pare, a nan ba a biya da takarda," in ji shi. "Da maƙogwaro ake biya."

Ya ja ni kusa da shi, ya sa aka koma daga farko. Muryata ba ta da daɗi, ko a makarantar allo malam kan ce in rage. Amma na buɗe baki. A gida na san mawaƙi a tsakiya, 'yan amshi a bayansa, mu kuma a gaba da hannu cikin aljihu. A saman benen nan babu gaba babu baya. Duk wanda ya hau ɗan amshi ne. Tunda na sauka a ƙasar, ranar ce ta farko da na ji ana bukatata don wani abu da ba ɗaukar kaya ba.

Baba Sule bai daina cewa ɓata lokaci ne ba. Sai dai kowace Juma'a, daidai lokacin da za a fara, sai ya tuna yana da tawul ɗin da zai shanya a sama. Tawul guda ne, kuma a bushe yake hawa da shi. Na taɓa yi masa magana, ya ce in kiyaye shi, shi sa'an ubana ne.

Ana haka korona ta zo. Taro ya tsaya cak, biki ya tsaya, aikinmu ya tsaya. Aka rufe mu a benen, aka sa kwaɗo a ƙofar sama. Mutum takwas a ɗaki, kowa yana sauraron tarin kowa. Masallaci a rufe, mai kiran salla yana cewa a yi salla a gida, abin da ban taɓa tsammanin zan ji da kunnena ba. Inna ta kira ta ce in riƙa zama a cikin mota in rufe gilas, na ce to. Da Sallah ta zo muka yi ta a kan gado, ni da Baba Sule, da shinkafar da aka ajiye mana a bakin ƙofa cikin roba. Kewar gida ta kama ni har ina jin ƙanshin masar Inna a hancina, alhali babu komai a ɗakin sai warin safa.

'Yan Gadon Sama ba su bari ba. Suka koma matakalar bene. Jun ya zauna a hawa na uku da jita babu lasifika, Bikash a hawa na huɗu da bokiti guda, kowane ɗaki aka buɗe ƙofa, mutane suka tsaya a bakin ƙofofinsu da takunkumi. Ba ma ganin juna. Amma matakala tana ɗaukar sauti, in aka zo wurin amshi sai ka ji ya taso daga ƙasa, ya sauko daga sama, ya haɗu a kanka. Akwai wani ɗan Kenya a hawa na ɗaya da ban taɓa sanin fuskarsa ba, amma ko yau na ji muryarsa a kasuwa zan gane shi.

Sai wata Juma'a jita ba ta yi ƙara ba. Jun ne ya kamu. Ta tagar da ke saitin gadona na ga motar asibiti, na ga mutane cikin fararen kaya har fuska sun fito da shi yana riƙe da ƙirji. Ba a yarda kowa ya sauka ba. Na buga gilas, bai ɗago ba. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar ranar ba. Ƙato da ni, mai ɗaga lasifika shi kaɗai, ina leƙe ta taga.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo rigarsa ta yi masa yawa, kuma in ya hau hawa ɗaya sai ya tsaya ya yi kamar yana duba waya. Bayan an sassauta kulle aka buɗe saman bene, muka taru, kowa yana murna. Waƙar 'yarsa ta zo, kayan kiɗa suka ɗauke, ya kama sautin. Bai kai ko'ina ba ya karye, tari ya sarƙe shi, ya durƙusa. Mu da muka saba bin bayansa muka rasa abin bi. Sai daga can wajen igiyar shanya wata murya ta taso, tsohuwa, a dishe, tana rawa. Baba Sule ne da tawul a kafaɗa. Ya kama sautin daidai inda Jun ya sake shi. Na shiga, Bikash ya shiga, kowa ya shiga. Da numfashin Baba ya ƙare nawa yana nan, da nawa ya ƙare na wani yana nan. Muka kai shi har inda ganga ke dawowa.

Daga ranar haka waƙar ta koma. Jun ya ɗora sautin, ya ja baya, mu riƙe. Dabarar ita ce kada mutum biyu na kusa da juna su ja numfashi lokaci guda. Ka ji na gefenka ya fara sanyi, ka ƙara ƙarfi ya samu ya shaƙi iska, shi ma ya yi maka haka. Wanda ke nesa zai rantse murya ɗaya ce ba ta yanke ba. Jun ma ya ƙara tsawon wurin da gangan, ya fi yadda yake yi da lafiyarsa, wai tunda yanzu huhu ya yi yawa a yi amfani da shi.

A wurin aiki ma sai muka ɗauki dabarar. Taro ya dawo, kuma kowa ya sani in fomen, wato mai lura da mu a wurin aiki, ya gane Jun ba ya iya ɗaukar kaya, kalma ɗaya ce, khalas, wato shi ke nan, a yanka masa tikitin komawa gida. Ni da Bikash muka riƙa kama nauyin, shi ya ɗora hannu a tsakiya yana ɓata fuska kamar shi ke ɗauke da duniya. In ana lodi mu tura shi naɗe waya a inuwa. Wani likita ɗan Kano da na sani a masallacin Juma'a ya yi mana kirki, ya saurari ƙirjinsa a cikin motarsa bai karɓi komai ba. Ya ce mini da Hausa, huhun ya taɓu, zai iya warwarewa, zai iya ƙi, amma lallai ya guji ƙura da ɗaukar nauyi. Na yi godiya. Ban gaya masa cewa ƙura da nauyi su ne sunan aikinmu ba.

Na ce wa Jun ya haƙura ya koma gida wurin 'yarsa. Ya ce sai bayan Kofin Duniya. Burinsa ba babba ba ne, shi ya sa yake ba ni tausayi. Kamfaninmu ya samu aikin kafa dandamali a wuraren da 'yan kallo za su taru, kuma kowane dandamali kafin mawaƙa su zo sai an gwada lasifika. Mu ake ba abin magana mu ce ɗaya, biyu. Shi so yake a ranar gwaji, fili babu kowa, su huɗu su hau da kayansu, mu tsaya a ƙasa, a yi waƙar sau ɗaya ta lasifikar gaske. Shekaru yana kafa wa wasu dandamali bai taɓa tsayawa a kai da jita ba. Ya ce mai haɗa sautin kamfanin ma ya yarda zai kau da kai. Muka yi ta lallaɓa shi wata bayan wata, gari yana canzawa a idonmu, tutoci suna hawa kan gine-gine, har ya rage 'yan makonni.

Wata rana bayan la'asar wasu mutane suka zo benenmu suka ce a fita, yau ɗin nan. Baƙi na zuwa, ana bukatar unguwar. Ba mu kaɗai ba ne, duk layin katifu ne da akwatuna a bakin titi, mutane na tsaye riƙe da tukwane ba su san inda za su ba. Fomen ya zo da motoci yana ta yalla, yalla, wato maza-maza. Na sauko da kayana da na Baba Sule, aka tura mu motar farko aka rufe ƙofa. Na ce a buɗe akwai sauran kaya, direba ya ce wata motar za ta kwaso. Ta gilas na hango Jun. Ya ƙi barin ƙaramar lasifikarsu a sama, kuma kowa na fama da nasa, babu mai kama masa. Shi kaɗai ya sauko da ita tun daga saman bene. Ya fito bakin ƙofa, ya ajiye ta, ya zauna a kanta, sannan ya sulale ƙasa yana neman iska da baki buɗe. Fomen yana tsaye a kansa. Na sake buga gilas kamar wancan karon. Motar ta tashi.

Fomen ɗin ba mugu ba ne. An ce shi ya ba shi ruwa, ya yi masa fifita da kwali. Amma ya gani, kuma abin da ya gani sai ya kai wa manyan kamfani. Na same shi washegari na roƙe shi, na ce ni zan yi aikin mutum biyu, dama ni nake yi. Ya ce ya daɗe da sani, ba makaho ba ne shi, amma yanzu abin ya faru a gaban mutane, in Jun ya mutu a wurin aiki wa zai amsa? Aka yanka wa Jun tikitin gida. An watsa mu. Ni aka kai ni wani sansani bayan Al Wakrah, Bikash da sauran biyun wani wuri can cikin hamada, Baba Sule aka mayar da shi gadin sito. Ranar da Jun ya tashi ina kan tsani ina ɗaura fitila. Ko rakiya ban samu na yi masa ba.

Dandamalin da muka kafa a Al Wakrah yana bakin teku, kusa da kasuwa, inda jiragen masunta ke ɗaure. Ya yi kyau ƙwarai. Ranar gwaji mai haɗa sauti ya miƙo mini abin magana bai kalli idona ba. Na ce ɗaya, biyu. Muryata ta tafi har kan ruwa ta dawo. Ya ɗaga babban yatsa, na ajiye.

Gasar ta zo da mutanen duniya. A jirgin ƙasa na Metro ka ga ɗaruruwa da ba su san juna ba sun kama waƙa guda suna dukan rufi, wani ma bai san kalmomin ba, bakinsa kawai yake buɗewa. Da a da ne da na ce mahaukata ne. Yanzu na san abin da suke ji, shi ya sa nake kau da kai, don abin yana yi mini ciwo. Mawaƙa masu suna sun hau dandamalinmu, an yi musu ihu, ni ina baya ina gadin wayoyi kada wani ya taka.

Wata rana da hantsi, kafin mutane su taru, ina zaune a bayan dandamalin ina shan shayi, saƙon murya ya shigo daga Jun. Na sa abin ji a kunne. Waƙar 'yarsa ce, shi kaɗai da jitar aro. Ana jin zakara yana cara, ana jin wata yarinya tana dariya ana ce mata ta yi shiru. Muryarsa ta ƙara sirancewa. Da aka zo tsakiya jitar ta ɗauke, ya ɗora sautin, ya sake shi. Sai shiru. Na duba waya ko ta tsaya ne, na ga tana tafiya. Babu komai sai numfashinsa yana shiga yana fita. Ashe bai yanke wurin ba. Ya bar mana gurbinmu da tsawonsa, yana zaune can yana ƙirga mana a zuci.

Na ajiye kofin na kama sautin. Wani masunci da ke gyaran raga ya ɗago ya dube ni. Na riƙe iya ƙarfina, har ƙirjina ya fara zafi, ina jiran na gefena ya karɓa in ja numfashi. Babu kowa a gefena sai akwatunan lasifika. Ban kai rabi ba iskata ta ƙare. Sauran na zauna na saurari shiru, har ya dawo daidai inda ganga ya kamata ta shigo, ya ƙarasa waƙarsa.

Na tura wa Baba Sule. Da yamma ya kira ya ce shi ba ya sauraron irin waɗannan abubuwa, sannan ya ce, "Ɗana, wurin ya yi tsawo. Ni kaɗai ban iya kai shi."

Har yanzu saƙon yana wayata. Nakan gwada lokaci zuwa lokaci, in na samu inda babu mutane. Ban taɓa kaiwa ba.